Ɗaga Ƙarfe A Kwance: Hattara Da Kafaɗa Da Maƙogwaro

Duk wanda ya saba zaga unguwannin da 'yan Arewa suke zaune a Ikko, kamar Agege da Idi-Araba da Obalende, ko kuwa Sabo ta Badun, da wuya ya rasa ganin wani lungu inda samari suka kafa benci suna ɗaga ƙarfe da asuba ko da almuru. Kayan aikin ba su da yawa. Dogon bututun ƙarfe ne, an zuba siminti cikin gwangwanin fenti a kowane gefe, wani lokaci kuma tsofaffin ƙarafan mota ake zurawa. Masu yin abin akwai 'yan dako da masu gadi da 'yan ga-ruwa da 'yan dambe, watau mutanen da da ƙarfin jikinsu suke ci, su kuma aika gida. A cikin dukan salon da suke yi babu wanda ya fi farin jini kamar ɗagawa a kwance, inda mutum zai yi rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfe bisa ƙirjinsa, sa'an nan ya tura shi sama. Babu kuma wanda ya fi shi haɗari.

Wannan salo wasa ne mai dokokinsa. Ƙungiyar duniya mai kula da shi an kafa ta tun 1972, a wasannin Olamfik na naƙasassu kuwa shi kaɗai ne salon ɗaga nauyi da ake gasa a kansa. A nan ne Nijeriya ta yi suna ƙwarai. A birnin Rio na ƙasar Brazil a 2016, daga cikin lambobin zinariya 8 da ƙasar nan ta samu, 6 daga kan benci suka fito, har wata baiwar Allah mai suna Josephine Orji ta ɗaga kilo 160. A Paris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167. Abin lura shi ne, waɗannan gwanaye ba sa kwanciya ƙarƙashin ƙarfe a gasa sai da masu tsaro tsaye a gefensu, alhali ga yaro ɗan bana bakwai a bayan gida yana ganin neman mai tsaro ragwanci ne.

Kafaɗa ita ce ta fi shan wahala. Dalili kuwa, gurbin da kan ƙashin dantse yake zaune a ciki ba shi da zurfi kamar na ƙugu. Wannan ne ya sa hannu yake iya juyawa ko'ina, shi ne kuma ya sa gaɓar ba ta da ƙarko, domin abin da ke riƙe da ita galibi ƙananan tsokoki ne guda huɗu da jijiyoyinsu, waɗanda suka taso daga allon kafaɗa. Saboda haka tun kafin a taɓa ƙarfe, gwani yakan matse allunan kafaɗarsa biyu wuri guda, ya ja su ƙasa wajen ƙugu, ya danne su a kan benci, ƙirji ya taso. Haka za su zauna har a gama. Wanda ya bar kafaɗunsa suna bin ƙarfen sama duk lokacin da ya tura, ya ɗora wa ƙananan jijiyoyin nan kayan da ba nasu ba.

Sai gwiwar hannu. Samari da yawa sukan baje hannuwa har gwiwoyin su yi daidai da kafaɗu, su sauko da ƙarfen kusa da wuya, wai don ƙirji ya fi faɗi. Wannan shi ne yake matse jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, tun tana ɗan zafi har ta kumbura. Abin da ya dace shi ne gwiwoyin su ɗan karkato wajen haƙarƙari, kamar tsakiya tsakanin bajewa da manne wa jiki, ƙarfen kuma ya sauka a ƙasan ƙirji, daidai kan nono ko ƙasa kaɗan. A gasa ba a yarda tazarar da ke tsakanin hannuwa ta wuce santimita 81 ba, mai ciwon kafaɗa kuwa gara ma ya rage. Tafin ƙafa a ƙasa, ɗuwawu a kan benci, a ja numfashi a riƙe, a sauko a hankali. Buga ƙarfe a ƙirji don ya yi tsalle ba ƙarfi ba ne, kuma a daidai wannan wuri na ƙasa ne babbar jijiyar ƙirji takan tsinke daga jikin dantse.

Akwai wani riƙo da ake yayi, inda mutum ba ya zagaya ƙarfen da babban yatsa, sai ya ɗora shi a tafin hannu kawai. Ƙungiyar duniya ta hana shi a gasarta, kuma tana da gaskiya, gama gumi kaɗan ya isa ƙarfen ya sulluɓe. Yadda irin wannan faɗuwa take da sauri ya bayyana a Amurka a 2009, sa'ad da ƙarfe mai nauyin kilo 125 ya kuɓuce wa wani ɗan ƙwallon jami'a mai suna Stafon Johnson ya faɗa masa a maƙogwaro. Akwai mai lura kusa da shi, amma sai da likitoci suka yi kamar awa bakwai suna masa aiki kafin ya tsira. Mai tsaro yana iya ceton wanda ƙarfinsa ya ƙare, amma babu hannun da zai cafe ƙarfen da ya riga ya faɗo.

To, mene ne aikin mai tsaron? Tsayawa zai yi a bayan kan mai ɗagawa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, hannuwansa kusa da ƙarfen amma ba ya taɓawa. Tun da fari za su shirya sau nawa za a ɗaga, da kalmar da mai ɗagawa zai faɗa in ya gaza. Shi zai taimaka a ciro ƙarfen daga maratayi, don kada mai ɗagawa ya miƙa kafaɗa ya ɓata zaman da ya gyara. In ƙarfen ya tsaya cak ko ya soma komawa ƙasa, sai ya kama da hannu biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, su tura tare har maratayi. Mai ɗagawa kada ya saki don ya ga an kama masa. Idan nauyin ya yi yawa, a ƙara mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, su kuwa dole su ɗaga lokaci guda, domin in ɗaya ya riga ɗan'uwansa, nauyin duka zai zube a kafaɗa ɗaya. Wanda ke latsa waya ko yana hira da mai shayi, ba mai tsaro ba ne, ɗan kallo ne.

A manyan gidajen motsa jiki, mai ɗagawa shi kaɗai yakan bar faifan ƙarfen ba ɗauri, don in ya gaza ya karkata su zame. Wannan dabara ba ta aiki ga mai siminti, tun da nasa a manne yake. Abin da ya rage masa shi ne ya jera bulo ko tsofaffin tayoyi a gefe biyu na bencin, tsayinsu ya ɗara wuyansa in yana kwance, yadda in ƙarfen ya sauko a kansu zai zauna.

Ciwon da ke sukar gaban kafaɗa, ko ya hana mutum kwanciya a gefen, ko ya sa sa riga ta zama aiki, ba ciwon da ake dannewa da man zafi a ci gaba ba ne. A ajiye ƙarfe har ya lafa, a koma da maras nauyi, a kuma riƙa haɗawa da salon jawo nauyi zuwa jiki don bayan kafaɗa ya yi ƙarfi. In kuwa an ji wani abu ya yi ɓas, sa'an nan dantse ko hammata suka yi baƙin kwanciyar jini, wannan ya wuce mai ɗori, tun da ba ƙashi ne ya karye ba. Jijiyar da ta tsinke ɗinki take so, ɗinkin kuma ya fi kyau cikin makonnin farko. Asibitin ƙashi na Igbobi yana nan Ikko, akwai irinsa a Inugu, ga kuma na Dala a Kano ga wanda ya fi son ya yi jinya kusa da danginsa.