Akwatin Imel Ma Yana Buƙatar Rumbu Na Biyu

Mutanen Rimawa da Goronyo da Wurno ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonaki da gidaje da rumbuna. Abin da aka tara wuri guda, tare ya tafi. Wannan darasi ya shafi saƙonnin imel ɗinku, ɗalibai, da na makarantu da ofisoshin da za ku yi aiki nan gaba.

Saƙon imel ba a cikin waya yake zaune ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, inda kowane ma'aikaci ke da akwatinsa. A nan takardun ɗaukar aiki da bayanan albashi da sakamakon jarrabawa suke. Wannan kwamfuta tana iya ƙonewa, ruwa na iya cinye ta, ɓarayin intanet na iya kulle ta su nemi kuɗin fansa, ko wani ya goge akwati bisa kuskure.

Shi ya sa mai kula da uwar garke yake ɗaukar kwafi. Yakan kwafe dukkan akwatunan, misali sau ɗaya a mako, sannan kowane dare ya ƙara abin da ya shigo a ranar. Masana suna bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi 3, a na'urori iri 2, ɗaya kuma a ajiye shi nesa. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da uwar garke, ambaliya ɗaya ce za ta haɗa su.

Ɗaukar kwafi rabin aikin ne, ɗayan rabin shi ne maido da shi. Manomin albasa ba ya amincewa da irin da bai taɓa ganin tsironsa ba. Haka ma'aikacin kirki yakan zaɓi akwati ɗaya lokaci zuwa lokaci ya gwada maido da shi, ya buɗe saƙonnin ya tabbatar suna karantuwa. Akwai kuma wa'adi: a manhajar Microsoft Exchange, idan ba a canja tsarinta ba, saƙon da aka goge daga kwandon shara yakan jira kwana 14 kafin ya tafi. Saboda haka wanda ya rasa saƙo ya sanar da wuri.

Manyan kamfanoni ma abin yana samun su. A watan Fabrairun 2011, wata matsalar manhaja ta sa dubban masu amfani da Gmail suka wayi gari akwatunansu fayau. Abin da ya ceci Google shi ne kwafin da ya ajiye a kaset-kaset waɗanda ba su haɗe da intanet.

To ku fa? Adireshin da kuka yi rajistar JAMB da shi, kada ku bar wa mai shagon kwamfuta kalmar sirrinsa. Ku riƙa buɗe shi, domin tun Disamban 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, kuma kwandon sharar Gmail kwana 30 yake riƙe saƙo. Ku sauke muhimman takardu a waya da fulash, ku kuma buga su a takarda. A 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar tsaro. A irin wannan lokaci, takardar da ke hannu kaɗai ke da amfani.

Ranar 31 ga Maris ake tunatar da duniya batun ajiye kwafi. Ba sai kun jira ta ba, ku fara da takardar sakamakonku yau.