Zaman Manaja da Mai Jiran Kanti

'Yan'uwa, mun sha ganin kantin ƙungiya ya durƙushe domin ba wanda yake zama da mai jiran kanti ya duba aikinsa. Sai kuɗin taki ya ɓace, sa'an nan a fara zargin juna. Saboda haka muna ba manajojinmu shawara su yi wannan zama sau 2 a shekara, bayan kaka da kuma kafin ruwan shuka.

Ga yadda muke yi. Mukan sanar da ma'aikaci tun da sauran mako guda. Manaja ya ƙidaya buhunan taki, da iri, da abincin kaji, ya gwada da littafin ciniki da na bashi. Su zauna su biyu kaɗai, ba a gaban masu saye ba, bisa ga koyarwar Matta 18:15.

A fara da addu'a, a kuma yaba abin da ya yi daidai. In akwai kuskure, a faɗi rana da yawan kaya. "Ran Talata buhu 2 sun fita ba rasit" ya fi "ba ka da kula" amfani. A bar shi ya yi magana. Wataƙila wani dattijo ne ya matsa masa ya ba da bashi, ko kuwa sikeli ne ya lalace.

Daga ƙarshe su amince da abu 2 ko 3 da za a gyara, a rubuta, kowa ya sa hannu. Bayan wata 3 a sake dubawa. Manaja kuwa ya tuna, shi ma zai ba da lissafi a gaban kwamiti.