Rikicin Takwara a Harshen PL/pgSQL

Duk malamin da ya taɓa kiran rajista ya san wahalar takwara: idan Muhammadu uku suka haɗu a aji ɗaya, suna kaɗai ba ya fid da kowa. Dabarar da aka bi a Kwalejin Katsina ita ce a liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa aka san Ahmadu Raba da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan rikici ya daɗe yana damun PostgreSQL, watau manhajar kwamfuta ta ajiye bayanai.

A cikinta bayanai suna jere ne a jadawali, kowane gurbi da sunansa. Harshen PL/pgSQL kuwa, wanda ake rubuta mata umarni da shi, yana barin marubuci ya buɗe mazubi, ya raɗa masa suna, ya riƙe wani abu a ciki na ɗan lokaci. To, a ƙaddara akwai jadawali mai suna "manoma", na ƙasar Ƙaraye da Rogo, yana da gurbi "gari". Akawu ya kira mazubinsa "gari" shi ma, ya zuba Yammedi a ciki, sa'an nan ya ce a share duk layin da gari = gari. Nufinsa manoman Yammedi kaɗai.

Kafin 2010, sashen da ke yi wa umarnin PL/pgSQL li'irabi bai san nahawun SQL sosai ba. Duk inda ya ga kalmar da ta yi daidai da sunan mazubi sai ya musanya ta. Jimlar akawu ta koma Yammedi = Yammedi, wanda gaskiya ne a kowane layi, jadawali ya tafi ƙurmus, ba ko gargaɗi. Harshen PL/SQL na Oracle gurbi yake fifitawa, amma fa ba a tsira ba, gama garin kowane layi daidai yake da kansa. Ashe kuskuren ba a wanda aka zaɓa yake ba, a yin zaɓen ne a ɓoye.

Tom Lane ya sake ginin a ƙarshen 2009, gyaran ya fito cikin PostgreSQL 9.0 ran 20 ga Satumba 2010. Daga nan babban mai li'irabin SQL ne ke feɗe jimlar, ba ya neman mazubi sai a wurin da nahawu ya yarda mazubi ya tsaya. Idan kuwa suna ya dace da gurbi da mazubi duka, sai ya ƙi aiki, ya ce akwai shubuha. An bar wata ƙofa mai suna variable_conflict saboda tsofaffin umarni, inda mutum zai faɗi a fili wanda yake so a fifita. Abin da ya fi, shi ne akawu ya rubuta manoma.gari in gurbi yake nufi, ko ya fara sunan mazubinsa da v_ tun farko.