Gidan da jaki ke hutawa: me ya sa ake barin su garke-garke?

Ga wani labari da zai ba wasu dariya. A Ingila, kusa da garin Sidmouth da ke yankin Devon, akwai gona da ba a noman komai cikinta sai kula da jakunan da aka wulaƙanta ko suka tsufa. Sunanta The Donkey Sanctuary. Wata mata mai suna Elisabeth Svendsen ta fara aikin a 1969 da jaki guda, daga baya wata dattijuwa ta rasu ta bar mata gadon jakuna 204. Akwai irin wannan gida na dawaki ma, Redwings, a yankin Norfolk, tun 1984.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke ajiye su. Babu turke, babu dabaibayi. Ana sake su cikin shinge mai faɗi, su yi garke kamar yadda Allah ya halicce su.

To, me ya sa? Jaki yana ƙulla abota mai ƙarfi da ɗan uwansa guda, tare za su ci, tare za su kwanta. In aka raba su kwatsam, wani sai ya daina cin abinci. Ga jaki kuwa wannan ba wasa ba ne: in ya ƙi ci, kitsen jikinsa kan narke ya cika jini, hanta ta gaza, ya mutu cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa in za a kai jaki wurin likita, da abokinsa ake tafiya. In ɗayan ya mutu, akan bar mai ran ya tsaya wurin gawar na ɗan lokaci, don kada ya yi ta nemansa. Wanda ya taɓa sayar da jaki guda cikin biyu a kasuwa, ya san kukan da na gida ke yi daren nan.

Doki kuma nasa daban. Tumbinsa ƙarami ne, an yi shi don ya yi ta kiwo kaɗan-kaɗan mafi yawan yini. Yana iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ya fi sakin jiki ya kwanta in wani na tsaye yana gadi. Dokin da aka daɗe da kulle shi shi kaɗai kan koma cizon itace ko kaɗa kai ba dalili. Mu a nan sai mu ce mugun hali ne, alhali sau da yawa kaɗaici ne.

Ba haka kawai ake zuba su ba fa. Sabon zuwa sai an keɓe shi makonni, a duba cuta, kofato da haƙora. Mazan ana dandaƙe su, saboda faɗa da kuma hana haihuwa. Tsofaffi na da garkensu, makafi ma haka, kada masu ƙarfi su ture su wurin abinci. Wani abin mamaki, babbar matsalarsu can ita ce ƙiba. Asalin jaki na busasshiyar ƙasa ne, danginsa na daji har yanzu suna Eritiriya da Habasha, don haka ɗanyar ciyawar Ingila ta yi masa yawa. Karan sha'ir ake ba shi ya fi yawa, kamar yadda namu ke cin karan dawa. Gashinsa kuma ba ya tare ruwan sama kamar na doki, dole a yi masa rumfa.

Na sani wani zai ce, mai amalanken da ke ɗebo ruwa a Tasawa ina shi ina wannan? Gaskiya ne, ba mu da filin banza, harawa ma tsada gare ta. Amma jakin yanzu ba na raini ba ne. Tun da fatarsa ta samu kasuwa a Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani, kuɗinsa ya tashi. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. In jakinka ya mutu yau, maye gurbinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da za a iya ɗauka kyauta ne: a ɗaure jaki inda zai ga ɗan uwansa, a sake shi da yamma ya yi birgima tare da na maƙwabta. In kuma ya yini bai taɓa abinci ba, kada a jira gobe, a nemi ma'aikacin kiwo ranar.