Zaure da Cikin Gida: Yadda Manhajar Wi-Fi ke Magana da Ƙwayar Na'ura

1.0 Gabatarwa

A unguwar New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, ciniki da yawa ya koma cikin wayar hannu. Mai shago a Kasuwar Kwango yakan aika hoton atamfa zuwa Garwa, ya karɓi saƙon murya daga Kano, duk yana zaune a kan bencinsa. Intanet ɗin da yake amfani da shi yana yin doguwar tafiya kafin ya iso gare shi. Tun a shekarar 2002 igiyar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ta sauka a Duwala, kuma kamfanoni irin su Camtel da MTN da Orange suna rarraba intanet a cikin gari. Amma sau da yawa zangon ƙarshe na tafiyar 'yan taku ne kawai, wato daga akwatin Wi-Fi na shago zuwa wayar da ke hannu. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa a cikin wayar a wannan zango, da yadda masana suka tsara hanyar maganar da ke tsakanin sassanta.

2.0 Ƙwaya da Manhajojin Waje

Wayoyin Android, irin su Tecno da Itel da Samsung, an gina su ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki. Linux ita ce ƙwaya, wato sashen babbar manhaja da ke da iko a kan kayan cikin na'ura. Sunanta na Ingilishi ma yana nufin abin da ke cikin ɓawo ne, kamar ƙwayar gyaɗa. Ita ce ke raba wa manhajoji ma'adana da lokacin aiki, kuma ta hannunta ake isa ga ɗan guntun rediyon da ke kama Wi-Fi. Sauran manhajoji duk a waje suke aiki.

Ana iya kwatanta wannan da gidan Bahaushe. Baƙo ba ya kutsa kai cikin gida don yana da buƙata. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aika yaro ciki da saƙonsa. Ƙwaya ita ce cikin gida, manhajojin waje su ne baƙi, ƙofofin da aka tanada domin isar da buƙata kuwa su ne zaure. Hikimar wannan rabo ita ce tsaro. Manhajar waje idan ta lalace, sai a rufe ta a sake buɗewa. Kuskure a cikin ƙwaya kuwa yana iya tsayar da na'urar ɗungurungum, ko ya ba ɓarawo hanya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka aka bar yanke shawara a waje. Zaɓen akwatin da za a haɗu da shi, da ajiye kalmar sirri, aikin manhajojin waje ne, kamar wpa_supplicant ta Jouni Malinen, da NetworkManager wadda kamfanin Red Hat ya fito da ita a 2004 domin kwamfutoci. Aikin ƙwaya shi ne aiwatarwa: sauya tasha, da aika bayanai, da karɓarsu. Tambayar ita ce: da wane irin harshe za a yi magana a zaure?

3.0 Tsohuwar Hanya

Amsa ta farko ta zo ne a ƙarshen shekarun 1990, daidai lokacin da ƙa'idar 802.11 ta fito a 1997. Jean Tourrilhes, ma'aikacin kamfanin Hewlett-Packard, ya tsara abin da ake kira WEXT a taƙaice. An gina shi a kan wata tsohuwar ƙofa mai suna ioctl. A wannan tsari kowace buƙata tana da lambarta da fom ɗinta mai ƙayyadadden fasali. Sunan akwati aike ɗaya ne, tasha aike ɗaya, mabuɗi aike ɗaya.

Tsarin ya yi amfani sosai a zamaninsa, amma aibobi uku sun bayyana. Na farko, ƙwaya ba ta san lokacin da saƙo ya kammala ba. Tamkar a aiki yaro sau uku ne: "ka ce a ɗora tukunya", "ka ce shinkafa za a dafa", "ka ce ta mutum biyar ce". Mai girki ba ta san ko ta fara aiki ko ta jira aike na huɗu ba. Haka direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kowane irin guntun rediyo, kowanne ya riƙa fassara umarnin yadda ya ga dama.

Na biyu, fom ɗin ba shi da wurin ƙari. An gano raunin tsohon tsarin tsaro na WEP a 2001, sai WPA ya zo a 2003, WPA2 ya biyo baya a 2004. Kowane sabon abu sai an yi wa WEXT faci kafin ya ɗauke shi.

Na uku, an ƙayyade tsawon amsa da lamba mai bit 16, wato ba za ta wuce bayit 65,535 ba. A ƙauye wannan ya isa. Amma a wuri mai cunkoso irin New Bell, inda gida ke manne da gida, shago da shago, ga akwatuna ga wayoyin da ke raba intanet, jerin abin da rediyo ya jiyo yana iya fin wannan ma'auni, sai binciken ya dawo da kuskure a maimakon jerin sunaye.

4.0 Sabuwar Hanya

Daga 2007 aka fara shigar da sabon tsari a cikin Linux, kuma Johannes Berg na cikin manyan waɗanda suka gina shi. A cikin ƙwaya aka sa wani sashe mai suna cfg80211, wanda ya zama shugaban direbobi duka. Harshen da ake magana da shi daga waje kuwa shi ne nl80211, wanda ke bi ta hanyar aika saƙo da ake kira netlink.

A nan saƙo kamar wasiƙa yake. A sama akwai umarni, misali "haɗa ni", a ƙasa kuma bayanai suna jere, kowanne da abu uku: iri, da tsawo, da abin da ya ƙunsa. Wannan ya warware aibobin nan uku. Buƙata tana tafiya gaba ɗaya a wasiƙa guda. Idan an ƙirƙiro sabon bayani, sai a ba shi sabuwar lamba, tsohuwar manhajar da ba ta san shi ba kuma ta duba tsawonsa ta tsallake shi. Amsa mai yawa kuwa ana aiko ta kashi-kashi har ta ƙare. Bugu da ƙari, manhaja tana iya tambayar ƙwaya abin da rediyon ya iya kafin ta ba da umarni, kuma ƙwaya tana yin shela ga duk manhajar da ta yi rajista idan wani abu ya faru, kamar kammala bincike ko yankewar haɗi.

5.0 Misali Daga Shago

A ɗauka mai shagon nan ya kunna Wi-Fi. Manhajar waje za ta aika umarnin bincike. Rediyo zai zaga tashoshi yana saurare, sa'annan ƙwaya ta yi shelar an gama. Manhaja ta karɓi jerin ta nuna a fuskar waya. Da ya zaɓi suna ya rubuta kalmar sirri, sai a aika wasiƙar neman haɗi. Daga nan wpa_supplicant da akwatin za su yi musayar saƙonni huɗu, kowanne ya tabbatar ɗan'uwansa ya san sirrin, ba tare da kalmar kanta ta bi iska ba. A ƙarshe a miƙa wa ƙwaya mabuɗin da za a riƙa kulle bayanai da shi.

Har ila yau akwai batun doka. Kowace ƙasa tana da tashoshin da ta halatta. A zangon 2.4 GHz, tasha ta 1 zuwa ta 11 ake amfani da su a Amurka, a Turai kuwa har ta 13. A Kamaru hukumar ART, wadda aka kafa a 1998, ita ke sa ido a kan harkar sadarwa. Wayar da aka sayo daga Dubai ko Sin dole ta bi dokar inda take aiki. Ta nl80211 ake iya gaya wa ƙwaya lambar ƙasa, wato CM ga Kamaru, ita kuma ta hana rediyo watsa saƙo a tashar da ba a halatta ba. Ba a bar wannan a hannun baƙin zaure ba, domin wanda ke riƙe da rediyo shi ya kamata ya tsare iyaka.

6.0 Kammalawa

Ba a rufe tsohuwar ƙofa rana ɗaya ba. Al'adar masu kula da Linux ita ce kada sabon gyara ya karya manhajar da mutane ke amfani da ita. Don haka aka sa cfg80211 ya riƙa yi wa masu tsohon harshe tafinta shekara da shekaru. Sai a 2023 ƙwaya ta fara gargaɗin cewa WEXT ba zai yi aiki da na'urorin Wi-Fi 7 ba, waɗanda ke iya riƙe haɗi a tashoshi fiye da ɗaya a lokaci guda, abin da tsohon fom ba shi da gurbin faɗa.

A taƙaice, mai tsara irin wannan hanya yana lura da abu huɗu: shawara ta zauna a waje, aiwatarwa a ciki, saƙo ya tafi cikakke, a bar wurin ƙari, kuma magana ta riƙa zuwa ta ɓangarori biyu. Wannan ne ya sa aka iya shigo da WPA3 a 2018 ba tare da an rushe zauren an gina sabo ba, kuma tsohuwar wayar wani ɗan tireda a New Bell tana iya haɗuwa da akwatin shagon maƙwabcinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi.