Yadda masana ke mayar da bayanan gajimaren Yamai zuwa hoto ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni

A shekarar 2006 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta girke wasu kwantenoni cike da na'urori a filin jirgin sama na Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Daga Janairu zuwa Disamba na'urorin suna fuskantar sama dare da rana, suna auna ƙura da gajimare da hasken rana.

Tashar ta tafi-da-gidanka ce, mallakar shirin binciken yanayi da ake kira ARM, kuma zuwanta Yamai shi ne karon farko da ta fita daga Amurka. An kawo ta ne a lokacin babban aikin nazarin daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA. Da shekara ta ƙare aka kwashe ta, a 2007 aka kai ta Jamus.

Bayanan da ta tara suna nan a rumbun ARM a intanet, kyauta ga duk wanda ya yi rajista. Sai dai wanda ya sauke su ba zai ga hoton gajimare ko ɗaya ba, lambobi kawai zai tarar, miliyoyinsu.

Abin da na'urorin biyu ke gani

Biyu daga cikin na'urorin ne suka fi muhimmanci wajen leƙen gajimare. Ta farko ita ce rada ta gajimare, wadda ke harba siginar rediyo mai tsawon zango kusan milimita 3 zuwa sama, sannan ta saurari abin da ya dawo. Ta biyu ita ce laida, wadda ke yin irin wannan aiki da koren hasken lesa. Daga lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta dawo ake gane nisan abin da ta ci karo da shi.

Kowace tana da makantarta. Rada ta fi jin manyan abubuwa: idan faɗin ɗigon ruwa ya ninka sau biyu, amsar da yake mayarwa tana ninkawa sau 64. Saboda haka tana ganin ruwan sama da ƙanƙara sarai, tana kuma ratsa gajimare mai kauri, amma siririyar ƙura takan wuce ta. Laida kuwa tana kama ƙura da hayaƙi da gindin gajimare, amma da zarar haskenta ya shiga gajimare mai ruwa da kauri sai ya mutu. Shi ya sa masana ke ɗora hotunan biyu ɗaya a kan ɗaya.

Daga lamba zuwa hoto

Ana ajiye bayanan ne a fayil mai tsarin netCDF, yawanci fayil ɗaya ga kowace na'ura a kowace rana. Manhajar rubutu ta yau da kullum ba ta buɗe shi. Mai bincike yakan buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya fara da wata ƙaramar manhaja mai suna ncdump, wadda ke nuna masa abin da ke cikin fayil ɗin: sunayen ma'aunai, da adadinsu, da lambar da aka sa a gurbin da na'ura ba ta samu komai ba.

Wannan lamba ta ƙarshe ba abin rainawa ba ce. A fayilolin ARM galibi -9999 ce, kuma idan aka manta ba a cire ta ba, manhajar zane za ta ɗauke ta a matsayin ma'auni na gaskiya, launukan hoton duka su dagule.

Daga nan sai umarnin zane, wanda a yau akasari da harshen Python ake rubuta shi. Akwai manhajoji na kyauta da aka yi musamman don wannan aiki, kamar ACT ta shirin ARM, da CloudnetPy ta Cibiyar Nazarin Yanayi ta ƙasar Finland. Hoton da ke fitowa yana da sauƙin fasali: lokaci a kwance daga tsakar dare zuwa tsakar dare, tsawo a tsaye da kilomita, launi kuma yana nuna ƙarfin amsar da ta dawo.

Mai yiwuwa a ce rubuta umarni tsohon yayi ne a zamanin latsa waya. Amma shekara guda kwana 365 ce, kuma wanda ke buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya da hannu zai shafe kwanaki yana yi. Layuka kaɗan na umarni za su zana su duka da ma'aunin launi iri ɗaya, ta yadda za a iya kwatanta Mayu da Agusta. Haka kuma wani zai iya karɓar umarnin ya maimaita aikin ya ga ko sakamakon ya yi daidai. Ba a buƙatar kwamfuta mai tsada, ba a kuma buƙatar intanet bayan an gama sauke fayilolin.

Karanta hoton

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ma'aunin rada, dBZ, ba ya tafiya kamar awon tela: ƙarin 10 yana nufin amsar ta ninka sau goma. Agogon fayil ɗin kuma na GMT ne, don haka sai an ƙara awa ɗaya kafin a samu lokacin Nijar da Najeriya.

Sai kuma ƙwari. A kilomita biyu zuwa uku na kusa da ƙasa, musamman da rana, rada tana ganin ƙwarin da iska ta ɗaga kamar gajimare. Idan aka duba laida aka ga sararin fayau a daidai wurin, to ba gajimare ba ne.

Ga wanda ya iya karatun, hoton yana nuna abin da manomin Sahel ya sani da ido amma bai da hanyar aunawa. A farkon damina hadari kan haɗu, rada ta nuna ruwa yana saukowa daga gindin gajimare, amma layukan su shuɗe tun ba su taɓa ƙasa ba, saboda busasshiyar iskar da ke ƙasa ta shanye shi. Ana kuma ganin inda ƙanƙara ke narkewa ta zama ruwa, wajen kilomita 4 zuwa 5 a sama.

A lokacin hunturu laida ce ke da aiki. Takan nuna ƙurar hamada a ƙasa-ƙasa, a samanta kuma hayaƙin ƙone-ƙonen daji da ya taso daga kudu. A farkon Maris na 2006 wata gagarumar guguwar ƙura ta taso daga Sahara ta lulluɓe Yamai, kuma na'urorin tashar sun nuna hasken rana da ke isowa ƙasa da tsakar rana ya ragu da kusan wat 250 a kowace murabba'in mita.

Amfanin wannan duka yana komawa ga hasashen damina. Manhajojin hasashen yanayi sun daɗe suna shan wahala da gajimaren Afirka ta Yamma, musamman siraran da ke tsaka-tsakin sama, waɗanda ke rage zafin rana da ke isa ƙasa. Ba za a gyara manhaja ba sai an gwada ta da abin da aka auna da gaske, kuma irin wannan awo daga ƙasa ya yi ƙaranci a Sahel idan aka kwatanta da Turai, inda tsarin Cloudnet ya fara da tashoshi a Ingila da Faransa da Holand.

A watan Afrilun 2006 ɗin ne aka harba taurarin ɗan'adam CloudSat mai ɗauke da rada da CALIPSO mai ɗauke da laida, waɗanda suka yi aiki har zuwa 2023. A Mayun 2024 hukumomin sararin samaniya na Turai da Japan suka harba EarthCARE, wanda ke ɗauke da na'urorin biyu a jikinsa. Tauraron yana ratsa saman wuri ne cikin daƙiƙoƙi ya wuce, yayin da tashar Yamai ta kalli sama ɗaya tsawon watanni.