AMANA DA ADALCI A ZANGON AGEGE

Agege, wadda ke arewacin birnin Ikko, tana ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a ƙasar Yarabawa. A Zangon garin akwai gidajen da aka kafa su tun kafin a haifi dukkan waɗanda ke mulkin Nijeriya a yau. Amma duk da haka, da zarar wata fitina ta tashi a kasuwa ko a bakin titi, sunan da ake kiran mutanen nan da shi shi ne baƙi. Wannan ya sa wata tsohuwar muhawara ta ƙi mutuwa a majalisun unguwar, musamman tsakanin Magariba da Lisha. Shin gaskiya da riƙon amana suna tsare mutum a ƙasar da ba ta kakanninsa ba? In kuwa an zalunce shi, haƙuri ya kamace shi ko neman hakki?

Kafin mai karatu ya yanke hukunci, ya kyautu ya san yadda mutanen suka zo, da abin da ya zaunar da su.

Yadda Goro Ya Kawo Su

A zamanin da, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa. Fatake kan yi ayari a bayan madugu, su shafe watanni da jakunansu kafin su kai kasuwar Salaga su komo. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi cikin 1874, sai hanyar ta fara sakewa, har aka koma ɗauko goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin attajiran da suka bi wannan sabuwar hanya daga Ankara ta ƙasar Gana.

Sai kuma jirgin ƙasa ya zo. Hanyarsa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege, ta kai Badun, watau Ibadan, cikin 1901, sa'an nan aka haɗe ta da Kano cikin 1912. Manoman Agege, waɗanda da farko koko suka sa gaba, suka lura da irin kuɗin da ke cikin goro, suka shiga dasa irin nan da Bahaushe ke so. Har gobe Yarabawa suna kiran wannan iri da sunan da ya samo asali daga Gwanja. Da goro ya yi albarka a gonakin Agege da kewaye, ga kuma tasha a kusa, sai fataken Arewa suka ga babu dalilin wucewa gaba. Suka sauke kaya, suka yi zango, zango ya zama gari.

Ciniki Ba Takarda

Goro kaya ne mai wuyar sha'ani. In aka bar shi ya sha iska ya bushe, in aka yi sake sankara ta shige shi ta cinye. Dole a zauna a tsince shi ɗaya ɗaya, a ware marsa daga minu, a ƙirga ƙwarya ƙwarya, a naɗe da ɗanyen ganye a ɗaure huhu. Daga nan kuma yana da tafiyar kimanin mil 700 kafin ya kai Kano.

To, attajirin da ke Kano ba ya ganin abin da aka ɗaure masa a cikin huhu sai ya iso. Kuɗinsa ya aiko wa maigidan da ke Agege, wanda watakila shekara ta zagayo ba su haɗu ba. Shi ma maigidan a hannun matan Yarabawa masu shiga ƙauye yake saye, wani lokaci ya ba su kuɗi tun kaya ba su zo ba, wani lokaci su ba shi kaya kafin kuɗi su zo. Haka abin yake a cinikin shanu, sai dai su daga Arewa suke gangarowa. Mahauci kan karɓi sa a kan bashi, dillali ya shaida, maigida ya tsaya wa mai shanu cewa kuɗinsa ba za su salwanta ba.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Badun, ya fitar da littafi cikin 1969 a kan wannan tsari. Abin da ya gano shi ne, dukiya mai yawa tana yawo tsakanin Arewa da Kurmi ba tare da banki ko takardar lauya ba, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne sunan mutum. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Shagamu da Badun da Kano, ya wayi gari babu mai sauka a gidansa, babu mai ba shi bashin ko ƙwarya guda.

A nan ne masu son muhawara kan yi tambaya: ashe ke nan tsoron kasuwa ne ya sa mutanen da suka riƙe amana, ba tsoron Allah ba? Malamai kan amsa da cewa kasuwa tana iya kama wanda ya cinye kuɗin attajiri, amma ba ta ganin wanda ya tura ruɓaɓɓen goro uku a tsakiyar huhu ya ce a hanya suka lalace. Irin wannan ƙaramar cuta da babu mai shaida a kanta, imani kaɗai ke hana ta. Da babu masu jin kunyar Ubangiji a inda babu ido, da cinikin bai yi shekara goma ba, balle ya kai jikoki. Ba banza ba ne da Baturen nan Kirk-Greene ya lissafa halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe cikin 1974, gaskiya da amana suna cikin jerin, tare da haƙuri da adalci.

Ranar Da Ba A Tambayi Sunan Kowa Ba

Amma akwai ranakun da kyakkyawan suna bai tsare kowa ba. Cikin Yuli 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu a lokacin bikin Oro, aka kashe mutane, kwanaki kaɗan kuma aka ɗauki fansa a Kano a kan Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Cikin Nuwamba na wannan shekara aka yi na kasuwar Mile 12 a Ketu. Cikin Fabrairu 2002 aka yi na Idi-Araba, mako guda bayan fashewar makamai a barikin soja na Ikeja. Cikin Maris 2016 aka sake yi a Mile 12 har gwamnati ta rufe kasuwar. Ko da wutar ba a Agege ta kama ba, kowane gida a Zango yana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a waɗannan wurare, kuma kowa ya kwana da ido ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, taron fushi ba ya tambayar suna. Mai shayin da ya shekara ashirin yana bai wa maƙwabtansa bashin burodi, da ɓarawon da ya sauka jiya, ɗaya suke a wurin mai riƙe da adda. Haka telan Bayarabe a Sabon Garin Kano ya biya bashin da bai ci ba. Hausawa kan ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma wannan gargaɗi ne ga mai shirin yin laifi, ba izini ba ne na ƙone rumbu gaba ɗaya. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa sun yi ittifaƙi a kan cewa mai laifi shi ke ɗaukar laifinsa.

Duk da haka ya kamata a faɗi gaskiya. A cikin waɗannan fitinu an sha jin labarin maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki har ƙura ta lafa, a Kudu da Arewa. Wanda aka ɓoye kuwa galibi wanda aka sani da kirki ne. Watau amana ba ta iya tare taro, amma tana iya buɗe ƙofa ɗaya, kuma a irin wannan rana ƙofa ɗaya ita ce rai.

Tsakanin Ƙaddara Da Neman Hakki

Dattawa da yawa suna kan ra'ayin cewa baƙo raɓa ne, bai kamata ya ɗaga murya a gidan wani ba. Abin da ya same shi rubutacce ne, ya yi haƙuri, ya bar wa Allah. Da wannan hali, in ji su, aka zauna lafiya da sarakunan Yarabawa fiye da shekara ɗari, har aka yi auratayya, ana sahu ɗaya a masallaci. Sukan kuma kawo misalin Markaz, makarantar Larabci da marigayi Shehu Adamu Al-Ilori ya dasa a Agege a shekarun 1950, wadda ta nuna cewa addini ya haɗa abin da harshe ya raba.

Samarin da aka haifa a Agege kuwa suna ganin abin daban. Yaron da ke jin Yarabanci kamar Hausa, wanda kabarin kakansa ke cikin garin, ina ne zai koma in an ce raɓa ne shi? In ya je neman aikin gwamnati ko gurbin makaranta, a ce ya kawo takardar shaidar asalinsa. In ya nufi Arewa neman takardar, a tambaye shi gidansu a garin da bai taɓa kwana ba. Alhali kuwa tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali a sashe na 42, ya kuma ba shi ikon mallakar gida da fili a ko'ina a sashe na 43.

Wanda ya duba da kyau zai ga cewa tarihin Zango kansa ya raba wannan gardama. Tsohon farke ya yi imani arziki na Allah ne, amma wannan bai hana shi kwance huhu ya tsince sankara ba. Bai taɓa zuba wa goro ido yana ruɓewa ya ce ƙaddara ce. In mahauci ya riƙe masa kuɗi, yakan tashi ya kai ƙara wurin maigida, in ta ƙi ya kai gaban Sarkin Hausawa. Ƙaddara ita ke sanyaya zuciya a kan abin da ya riga ya wuce, kamar mutuwa da gobara. Zalunci kuwa aikin hannun mutum ne, kuma abin da hannu ya ɗaura hannu na iya kwancewa. Malam Aminu Kano, wanda malami ne ɗan malamai, a kan wannan fahimta ya yi gwagwarmayar NEPU tun daga 1950. Saboda haka haƙurin da ake yabo shi ne mutum ya kame hannunsa daga ɗaukar fansa, ya bi hakkinsa ta ƙofar sarki da kotu da akwatin zaɓe.

A Fara Daga Gida

Akwai kuma wani ɓangare na maganar da ba a cika son taɓowa ba, watau adalcin da Hausawan Ikko ke yi wa junansu. A tsohon tsari, maigida ba la'ada kaɗai yake ci ba. Shi ke ba baƙo masauki da tuwo, shi ke jinyarsa, in ya mutu shi ke yi masa sutura ya aika wa danginsa da abin da ya bari. In yaron gida ya yi shekaru yana hidima, a yi masa aure a ba shi jari.

Yau kuwa tirela kan sauke samari 'yan cirani da asuba, waɗanda fari ko rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, babu wanda ya san su balle ya tsaya musu. Wasu a bakin shago suke kwana, wasu a ƙarƙashin gada. Lokacin da Gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar acaɓa a ƙananan hukumomi shida cikin Yuni 2022, ta riƙa kama babura tana murƙushewa, an bar samari da yawa ba abin yi, wasu kuma da bashin babur a wuya. Tambayar da ta dace a yi wa masu hali a Zango ita ce, wa ya sassauta wa yaran nan, wa kuma ya nuna musu wata sana'a? Wanda ke kukan ana kiransa baƙo bayan shekara ɗari, bai kamata ya ɗauke kai daga baƙon da ya sauka jiya ba. Yaron da ba shi da maigida ba shi da sunan da zai ji tsoron ɓatawa, kuma ranar da ya yi ɓarna kan kowa za ta faɗo.

Agege ta sake kama. Gonakin goro sun zama gidaje, an buɗe gadar sama ta Pen Cinema cikin 2021, a wannan shekara kuma aka ƙaddamar da sabon jirgin ƙasa na Ikko zuwa Badun. Shanu har yanzu suna sauka a mayankar Oko-Oba, kuma har yanzu akwai cinikin da kalmar baki ke ɗaure shi. Abin da ya rage ga shugabannin unguwa da malamai da attajirai shi ne su san kowane sabon zuwa, su tsaya masa kamar yadda aka tsaya wa iyayensu, su kuma miƙa mai laifi ga hukuma ko ɗan wane ne. Su kuwa hukumomi da masu masauki, hakki ne a kansu su hukunta mutum da abin da ya aikata, su bar sunan ƙabilarsa a gefe, a Ikko ne ko a Kano.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.